Madarar Gari da Ƙafafun Nana

Rabi, ke kika jawo wannan babin. Kin zo min kwanaki da waya a hannu, wai wani mutum a ciki ya ce madara ba abincin ɗan Adam ba ce, don haka kin daina ba yaronki. Na tambaye ki me kike ba shi a madadinta, kika ce koko da shinkafa, kuma yana ci sosai. Na tashi na kama share tsakar gidan da na riga na share, kuka yi ta min dariya wai tsufa ya zo. Ba tsufa ba ne. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta muku abin da ya faru da yayarku Nana. Kun tashi kuna jin dangin babanku suna cewa ni na kori kakarku daga gidan ɗanta, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku yadda aka yi. Ba haƙuri na zo ba kowa ba. Da za a maido ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi.

Ni 'yar Kumasi ce gaba da baya. Kakanninmu goro ya kawo su daga ƙasar Hausa, suka zauna har muka zama 'yan gari, a gidanmu kuwa ba abin da ba ma ci in dai halal ne: kifi, kontomire (ganyen gwaza), fufu, duk tukunya ɗaya. Aure ya kai ni unguwar Moshi Zango gidan babanku, Bafulatani falken shanu. Mutane in sun ji an ce gidan mai shanu sai su ɗauka da nono muke wanka. Ina! Shanun babanku bijimai ne na yanka. A babbar mota suke saukowa daga arewa, su kwana a kara, gari na wayewa mahauta su raba su. Na yi shekaru a gidan ban taɓa ganin an tatsi saniya ba, sai dai warin kashinsu a rigunan da nake wankewa.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta sauko wajenmu bayan rasuwar mijinta, daga can ƙetaren iyaka inda aka haife ta a ruga. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta taɓa zagina ba ko sau ɗaya, wannan ku rubuta ku ajiye. Da na haifi 'yar fari aka sa mata sunan Inna, muke ce mata Nana. Ranar da na yaye ta, Inna ta zo ta ɗauke ta da 'yan kayanta ta kai ɗakinta, kamar yadda aka saba. Ku da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari hoto kuna rarraba wa duniya ba za ku gane ba. A lokacinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci abinci. In ya faɗi a gabanki sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. A wajenmu Hausawa kunya ce, a wajen dangin babanku kuwa ta wuce kunya, mutunci ne gaba ɗaya. Ɗakin Inna yana kallon madafina, amma ban isa in leƙa ba.

Inna tana son yarinyar nan kamar ranta. Ba ta bari ta fita waje, wai kwata da babura da bakin mutane, don haka yini guda suna cikin ɗaki labule a sake. Abincinta koko da safe, tuwon masara da rana da ɗan romon miya. Kifi kuwa Inna ta ce su ba sa ci tun kakanni, kontomire ta ce ganyen mutanen kurmi ne. Abin alfaharinta ɗaya ne, madara. Da farko babanku yakan sayo ta gwangwani. Daga baya wata mai kanti a bakin layinmu ta fara auna wani farin gari daga buhu tana ƙullawa a leda, ya fi araha, ya fi zaƙi, kuma yana narkewa nan da nan. Shi aka koma saye. Inna ta zuba a koko da safe, ta dama da ruwan zafi da yamma, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji labari.

"Takwarata madara take sha, safe da yamma. Jinin Fulani ba ya zama babu madara."

Ina goyon Sule, ƙanenta, na fara lura. Ba ni da damar kallonta kai tsaye, sai ta wutsiyar ido, ina tankaɗe ko ina wanke-wanke. Yarinyar da ta fara tafiya da wuri, sai ga ta tana rangaji kamar agwagwa. Gwiwoyinta suna nesanta da juna, ƙafafun suna lanƙwashewa waje kamar baka. In ta ɗan taka daga ƙofar Inna zuwa randa sai ta zauna daɓas ta riƙe gwiwa tana ƙananan kuka. Wata rana ta miƙo hannu karɓar ƙosai, na ga wuyan hannun ya yi kauri kamar an ɗaura mata awarwaro a ƙarƙashin fata. Daga ranar abinci ya daina min daɗi. In na zauna sai in tashi, in na tashi in rasa abin da na tashi yi. Na ƙona miya har ba adadi. Tsoro nake ji, tsoro tsantsa, kada 'yata ta tashi gurguwa ina tsaye ina kallo saboda kada a ce ban da kunya.

Na fara da babanku, ranar da ya dawo daga kara yana wanke ƙafa.

"Alhaji, ka lura da tafiyar yarinyar nan kuwa?"

"Wace yarinya?"

"Ta ɗakin Inna."

"Ta ɗakin Inna ai ta Inna ce," in ji shi, ya ci gaba da zuba ruwa.

Na san ya gani, don na sha kama shi yana satar kallonta yadda nake yi. Amma shi kunyar ta yi masa biyu, ga ta 'yar fari, ga ta mahaifiya. Sai na hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari, zuwa Ayigya Zango wajen tawa uwar, Mma. Ban gama bayani ba ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Ei! Ke kina da kai kuwa? 'Yar da kika bayar? Ki je ki ce wa tsohuwa ba ta iya riƙo ba? Kar ki jawo mana magana koraa. Yara nawa suka yi ƙafar baka suka miƙe?"

"Mma, wannan tana ƙaruwa ne."

"To ki yi addu'a. Bakinki dai ki riƙe shi."

Na riƙe shi, amma ƙafata ta ƙi zama. Ita ma Inna ba wai ba ta gani ba ne. Kullum da safe tana gasa ƙafafun da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man shanu, ta ja su a hankali. Da wata maƙwabciya ta yi ƙarfin halin tambaya, Inna ta ce ƙafar gado ce, ƙanenta ma haka yake kuma ya bi shanu har ya tsufa. Maganar ta mutu a nan.

Ranar awon Sule a ƙaramin asibitin unguwa, na tsaya har layi ya ƙare. Nos ɗin wata Ba'asantiya ce mai jiki, ta daɗe a cikin 'yan zango har ta iya Hausa irin tata. Na ce mata 'yar maƙwabciyata ce ƙafarta ke lanƙwashewa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Yarinya nan, mene yana ci?"

Na lissafa mata, na ƙara da cewa tana shan madara safe da yamma.

"Madara safe da yamma, kuma ƙafa ya lanƙwashe? Gobe kawo madara nan na gani."

Washegari na sayi ƙulli ɗaya a kantin na kai mata. Ta kwance, ta murza a yatsa, ta ɗanɗana, sai ta yi tsaki. Ta ce wannan ba daga saniya ya fito ba, abin da masu shayi ke zubawa ne don ruwa ya yi fari, mai ne da sukari. Ta ce ƙashin yaro yana da abincinsa, su a asibiti kalsiyam suke ce masa, kuma yaron da aka yaye aka bar shi da masara zalla, ba ya samunsa, ga shi ba ya ganin rana, ƙashinsa sai ya yi laushi ya kasa ɗaukar jikinsa. Ta ce ana samunsa a madarar gaskiya da nono da wagashi, wato cuku, da ƙananan busassun kifin nan da ake ci da ƙashinsu, wake da ganye ma suna taimakawa. Sannan ta riƙe hannuna.

"Maame, maƙwabciya nan, gaya masa ya kawo yarinya likita ya duba. Yanzu zai gyaru. In ya daɗe, ba zai gyaru ba. Ka ji ko?"

Ta san ƙarya nake, ni ma na san ta sani. Na fito ina tafiya ban ma san na wuce layinmu ba.

Dabara na fara nema, don har lokacin ina so in tsira da 'yata da kunyata duka biyu. Tunda ni ke girkin gidan, na sayo ƙananan kifin na daka su lilis, na riƙa zuba kaɗan a miyar kukar da za a kai ɗakin Inna, in rufe da daddawa. Ban yi nisa ba. Hancin Inna ba na wasa ba ne. Wata rana da azahar ta fito da kwanon, ta ajiye a bakin madafina a hankali, ta ce, "Yau miyar ta wasu ce," ta koma. Daga ranar ta sa aka sayo mata kurfoti, murhun gawayi, ta fara dafa musu nasu a ƙofar ɗakinta. Ƙofar da nake da ita guda ɗaya ta rufe, kuma ni na rufe ta da dabarata.

Abin ya fashe ne wata safiya da gidan ke cike da baƙi, ƙannen babanku mata sun zo daga unguwar Krofrom gaida Inna. Ana zaune a tabarma, Nana ta fito za ta je wajen ɗaya daga cikinsu da ke miƙo mata alewa. Ta taka, ta taka, sai ƙafar ta ƙi, ta kife a kan siminti. Ba ta ma yi kuka da ƙarfi ba, ta dai yi ƙoƙarin tashi ta kasa. Wata daga cikin baƙin ta yi dariya ta ce takwarar Inna ta cika son jiki. Ban san lokacin da na jefar da muciya ba. Na tsallake tabarmar da mutanen da ke kanta, na ɗauke ta, kuma na kira sunanta na yanka, sunan Inna ke nan, da ƙarfi, a gaban Inna.

"Asibiti zan kai ta," na ce. "Ba son jiki ba ne, ba gado ba ne. Ƙashinta ne ba ya samun abinci. Abin da ake dama mata ba madara ba ce, Inna. Farin gari ne kawai."

Babbar cikin ƙannen ta miƙe tana tafa hannu.

"La'ilaha! Yau mun ga abu. Ke 'yar masu goro, ke za ki koya wa Inna madara?"

Ban tsaya ba. Na kwance Sule na miƙa wa maƙwabciya, na goya Nana, karo na farko tun yaye, na fita ko mayafin kirki babu. Likita ya duba ta, ya tabbatar da maganar nos, ya rubuta magani, ya ce a riƙa fito da ita tana wasa a rana, a kuma gyara abinci. Ya ce in an dage, ƙafar yaro mai wannan shekarun takan miƙe da kanta.

Da na dawo baƙin sun watse. Inna ta aiko a kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Na shiga na durƙusa, na shirya jin duk abin da za ta faɗa. Tana zaune a bakin gado, kayan Nana a ɗaure a gabanta, ƙullin farin garin nan a kan cinyarta. Ta daɗe tana juya shi.

"Kin ce ba madara ba ce."

"Inna, ki yi haƙuri, nos ce ta..."

"Ba sai nos ba. Ni da na tashi a gindin saniya? Ranar da aka fara kawo shi harshena ya gaya min." Ta ajiye ƙullin a gefe. "Amma ɗana ne ya sayo ya ba ni, ya ce Inna ga madara. In ce masa me? In ce gidanka babu madara? Na ce ko yaya ne, tunda fari ne, wataƙila da ɗan albarkar saniya a ciki. Ban san zai ci mata ƙafa ba."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na fashe da kuka, na ce ta ci gaba da riƙon, ni dai a bar ni in riƙa kawo abincin da maganin. Ta girgiza kai.

"An faɗa a gaban 'ya'yana. Yarinyar da uwarta ta ɗauke a gaban mutane ta koma wajen uwarta. Ga kayanta."

Ba a yi wata guda ba ta ce wa babanku tana son ganin 'yan uwanta a arewa. Kowa ya san ba ziyara ba ce. Ya roƙe ta, na roƙe ta, limamin unguwa ma ya zo, ta saurari kowa da ladabi ta hau mota. Ba ta sake taka Kumasi ba har Allah ya karɓi abinsa. Babanku bai taɓa ce min na yi laifi ba, bai kuma taɓa ce min na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne ya nemo wasu Fulani masu shanun tatsa a bayan gari, yakan dawo da galan ɗin madara ya ajiye a bakin madafi ba tare da ya ce ta wane ce ba.

Ni kuwa na zama kamar mahaukaciya a kan abincin yarinyar nan. Madarar in tafasa ta sosai, don likita ya ja kunnena cewa ɗanya tana ɗauke da cuta. Da na ga tana sa ta gudawa in ta sha da yawa, sai na koma nono mai tsami da wagashi, su cikinta ya karɓa. Kifin nan kuwa a fili nake daka shi yanzu, in zuba a miya, in zuba a wake. To Rabi, ga amsarki. Ban ce dole sai madara ba, na ga yaran da ba su sha ba kuma ƙashinsu garau, saboda ana ba su kifi da ƙashinsa da wake da ganye. Ban kuma ce duk abin da aka kira madara alheri ba ne, wani sukari ne kawai ya sa farar riga. Amma in kin cire ta, sai kin san abin da kika sa a gurbinta, kuma nos za ki tambaya, ba mutumin cikin waya ba. Koko da shinkafa suna cika ciki, ba sa gina ƙashi.

Nana ta sha maganin, ta ci abincin, amma ba ta yafe min ba. Wata da watanni ba ta yarda ta kwana a jikina ba, sai a ƙofar ɗakin Inna da aka rufe. Ba ta ce min Mma, Anti take ce min kamar yadda ta ji 'yan hayar gidanmu suna faɗa, kun kuma san har yau da 'ya'yanta a gabanta haka take kirana. Ƙafafun dai suna miƙewa a hankali, yadda ba ka gani sai wanda ya daɗe bai zo ba ya faɗa. Rangajin ya ragu, wuyan hannun ya saɓe, ta fara tsalle da yaran layi. Ni da ban iya zama ba saboda tsoro, sai na koma ban iya zama ba saboda bin ta da ido.

Bayan fiye da shekara, wata ranar kasuwa da hantsi, na fito daga wanka na tarar babu ita. Na duba gidajen maƙwabta, na duba makarantar allo, na duba bakin kwata. Unguwa ta tashi. Ina gudu ina tambaya har na fita Moshi Zango, sai wani mai taksi ya ce ya ga wata 'yar yarinya ita kaɗai ta nufi tashar motocin arewa a Krofrom. A can na same ta, zaune a kan benci wajen wata mai sayar da wake da shinkafa, ƙafafunta sun yi futu-futu, takalmi ɗaya a hannu. Tashar da muka raka Inna ce. Ta riƙe hanyar a kanta duk tsawon lokacin nan, tana jiran ranar da ƙafa za ta iya kai ta.

Matar tana ganina ta hau faɗa.

"Ei, Maame! Yarinya nan ya yi tafiya paa! Daga Moshi Zango a ƙasa, shi kaɗai! Ya ce wai a sa shi mota, zai je wajen uwansa a arewa." Ta juya wajen Nana. "Wannan ne uwanka?"

Nana ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a," in ji ta.

Mutane sun fara taruwa, matar ta riƙe hannun yarinyar gam, tana min kallon ɓarauniyar yara. Ni kuwa ƙafafun nake kallo. Sun miƙe sambal, babu inda suka lanƙwashe, kuma tafiyar farko mai nisa da suka yi, guduna suka yi da ita.

"Ni ce uwarta," na ce. "Ni na haife ta."

Sai da mai taksin ya zo ya shaida kafin matar ta sake ta. Na durƙusa na juya mata baya in goya ta, ta ƙi hawa. Haka muka koma gida a ƙasa, tana gaba tana kuka, ina biye da ita da takalminta a hannuna.